ALLON GEFE KO FAIFAN NUTSO: WANNE MASUNCI ZAI FARA SAYE?

A tsakanin ƙasar Amurka da Kanada akwai waɗansu manyan tabkuna guda biyar na ruwan daɗi, waɗanda in mutum ya tsaya a gaɓar ɗayansu ba ya hangen ƙetare, sai ka ce teku. Mutanen wurin suna da wata hanya ta fatsa wadda ba a saba da ita a kogunan ƙasar nan ba. Ba su kafa mamari su koma gida su kwanta, ba su kuwa zama a bakin ruwa suna jiran kifi ya zo ya ci koto. Jirgi mai inji su kan shiga, su bar shi yana tafiya sannu sannu, mil 2 ko 3 cikin sa'a guda, kamar tafiyar mutum da ƙafa, suna janye da ƙugiyoyi a baya. A jikin kowace ƙugiya akwai koton ƙarya, wani na ƙarfe ne mai walƙiya kamar cokali, wani na roba mai siffar ɗan kifi. Babban kifi ya ga abu yana gudu yana ƙyalli, ya zaci abinci ne, ya kai masa cafka, shi ke nan ya kamu.

Amma hanyar nan tana da wahala iri biyu. Ta fari, duk igiyar da aka ja a bayan jirgi sawun jirgin ta ke bi, watau daidai wurin da ƙarar inji da inuwar jirgi suka riga suka kore kifi, kuma in igiyoyin sun yi yawa sai su harɗe da juna. Ta biyu, igiyar da a ke ja ba ta son nutsewa, ruwa ya kan ɗago ta sama, alhali kuwa kifin yana can ƙasa. Don maganin ta fari aka ƙago wani ɗan allo mai yawo bisa ruwa, wanda ke kwasar igiya ya kai ta nesa da jirgi, dama ko hagun. Don maganin ta biyu aka ƙago wani abu kewayayye kamar faifai, wanda in an ja shi sai ya kafa kai ya nutse da igiyar. Shi ya sa a nan za a kira na farin allon gefe, na biyun kuwa faifan nutso.

A kantunan garuruwan da ke gaɓar tabkunan nan ana sayar da su launi launi, manya da ƙanana, kuma sabon mai jirgi ya kan shiga ya kwaso kowane iri don ya ga suna rataye a jirgin maƙwabcinsa. Wannan kuskure ne, kuma irin kuskuren da manomi ya sani sarai. Wanda gonarsa jigawa ce ba ya sayen kayan aikin fadama don kurum ya ga wani ya saya. Ba mai kanti ne ya kamata ya zaɓa wa masunci ba, ba kuwa tsadar abu ba. Zurfin da kifi ya ke a ciki shi ne alƙali, sa'an nan girman jirgin da yawan hannuwan da ke cikinsa.

ASALIN SANA'AR

Ya kyautu a san yadda aka yi sana'ar nan ta bunƙasa, gama tarihin yana nuna dalilin kowane kayan aiki. Wajen shekarun 1940 da 1950 wani irin kifi mai tsotson jini kamar matsattsaku ya bi ta hanyar ruwan da aka haƙa wa jiragen kaya, ya bazu cikin tabkunan sama, ya kusa ƙarasa manyan kifayen asali na Tabkin Mishigan. Da masu cinsa suka ƙare sai wani ɗan kifi mai suna alwaif ya yi ta haihuwa ba iyaka, har a shekarar 1967 gawarsa ta rufe gaɓar birnin Shikago, wari ya hana mutane zuwa bakin ruwa. Shugaban ma'aikatar kifi ta jihar Mishigan, Howard Tanner, ya riga ya kawo shawara a samo ƙwan kifin samon daga Oregon, can gaɓar yamma, a ƙyanƙyashe a zuba don su cinye alwaif. Aka fara sakin 'ya'yan a 1966. Cikin kakar 1967 suka komo manya manya, jama'a suka ruɗe, kowa ya jawo ɗan jirginsa ya faɗa ruwa. A watan Satumba na shekarar nan hadari ya taso musu a bakin Kogin Platte, jirage da yawa suka kife, waɗansu masunta suka rasa rayukansu, don sun ɗauki tabkin kamar kududdufin bayan gari.

Samon kifin ruwan sanyi ne. Da bazarar ƙasarsu yana kusa da gaɓa, a sama sama. In zafi ya shigo ruwan sama ya ɗumama, sai ya sauka ƙasa inda sanyi ya ke, ƙafa 40, ƙafa 60, wani lokaci har fiye da 100, domin Tabkin Mishigan a wurin da ya fi zurfi ya wuce ƙafa 900. Tabkin Eri kuwa ba haka ya ke ba. Shi ne mafi ƙarancin zurfi cikin biyar ɗin, sashensa na yamma bai cika wuce ƙafa 25 ko 30 ba, kuma kifin da ya yi suna a cikinsa shi ne wolai, wanda sau da yawa ya kan yi yawo a tsakiyar ruwa, ba ƙasa ba, ba sama ba. Ga kuma wani abu da ya faru daga baya. A 1988 aka fara ganin wata ƙanƙanuwar ƙumba baƙuwa wadda jiragen teku suka kawo daga Turai cikin ruwan da su ke ɗauka don daidaita nauyi. Ƙumbar nan tana tace ruwa, ta yi yawa har ruwan tabkunan ya yi garau fiye da dā. Karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma sai ta zama gaskiya filla filla, kifi yana hango jirgi tun daga nesa ya kauce. Tun daga sa'an nan darajar allon gefe ta ƙaru.

ALLO

Allon gefe iri biyu ne. Akwai babba, katako biyu ko uku da aka haɗa a jere, an fiƙe goshinsu a karkace don ruwa ya riƙa tura su waje. Ana kafa dirka a goshin jirgi, a ɗaura igiya mai kauri daga dirkar zuwa allon, a sake shi ya tafi ƙafa 100 ko fiye. Igiyoyin fatsa kuwa ana maƙala su a jikin igiyar nan mai kauri da 'yan maƙalai irin na shanyar tufafi, su zame su jeru ɗaya bayan ɗaya. In kifi ya ci, igiyar ta kuɓuce daga maƙalin, masunci ya yi kokawa da kifinsa ba wani nauyi a tsakani. Akwai kuma ƙarami, wanda bai kai ƙafa guda ba, ana maƙala shi a jikin igiyar fatsar kanta, kowace sanda da allonta. Na dama dabam, na hagun dabam, wanda ya saya bai duba ba zai ga allonsa yana ratsawa ta bayan jirgi yana harɗe sauran.

Masu babban allo suna da hujja, ba a raina ta. Yana jure raƙumin ruwa, yana ɗaukar igiyoyi da yawa masu nauyi, kuma daɗin jan kifi ba allo a tsakani ba kaɗan ba ne. Amma a duba wanda aka yi shi dominsa. A jihar Mishigan doka ta yarje wa kowane mai lasin sanda 3 kaɗai. Jiragen da a ke gani a hoto da sanduna 12 ko 15 a jere, jiragen haya ne, mai jirgi ya ɗauko baƙi huɗu ko biyar sun biya shi kuɗin yini, kowannensu da rabonsa na sanduna. Mutum ɗaya da ɗansa a cikin ɗan jirgi, iyakarsu sanda 6. Me za su yi da dirka da igiyar ƙafa 100 ta kowane gefe? Jirgin da ya baza fikafikai haka ba ya juyawa sai da fili mai faɗi, in kuwa wurin ya cika da jirage, kamar yadda ya kan cika ran da labarin kifi ya bazu, to faɗa da maƙwabta ba makawa. Ban da haka ƙaramin kifi ya kan ci ƙugiya ya kasa fizge igiyar daga maƙali, a yi ta jansa sa'a guda ba wanda ya sani, ƙugiyar ta zama ta banza.

Don haka ga mai ƙaramin jirgi ƙaramin allo ya fi. Ya fi araha, yana shiga cikin jaka, kuma shi kansa ɗan rahoto ne, gama in kifi ya kama sai a ga allon ya ja baya ya bar sahun 'yan'uwansa. Waɗansu ma an sa musu 'yar tuta mai sunkuyawa in an taɓa ƙugiya. Aibinsa guda ne, kuma ba a ɓoye shi: tilas a naɗo igiya har allon ya iso hannu, wani ya cire shi, alhali kifin yana can yana fizga. In igiyar ta yi sako-sako ko na ƙiftawar ido a lokacin nan, kifi ya tafi. Wannan kuwa koyo ne ke maganinsa, ba kuɗi ba.

Abin da sababbi su kan manta shi ne allo ba ya nutsar da kome. Gefe kurum ya ke kai igiya. Zurfin yana zuwa ne daga koton kansa in mai nutsewa ne, ko daga darmar da aka maƙala, ko daga wata igiya mai darma a cikinta wadda launinta ke sakewa kowane yadi 10, masunta kuwa suna lissafin kowane launi yana saukar da ƙugiya kamar ƙafa 5. Wanda ya jera alluna shida masu kyaun gani a kan kifin da ke ƙafa 60, ƙugiyoyinsa suna ƙafa 10, ya fita shan iska ne, ba su ba.

FAIFAI

Faifan nutso da ya fi suna shi ne Dipsy Diver na kamfanin Luhr Jensen, wanda asalinsa a Oregon ne. Faɗinsa kamar tafin hannu. A ƙarƙashinsa akwai darma wadda a ke murɗawa, an rubuta lamba daga 0 zuwa 3 ta dama da ta hagun. In an bar ta a 0 faifan ya nutse sosai a bayan jirgi. In an murɗa zuwa 3 sai ya karkata ya fita gefe, amma ba ya kai zurfin farko. Watau shi faifai yana yin aikinsa, yana kuma taɓa kaɗan daga aikin allo, abin da allo ba ya iya rama masa. Ƙaraminsa yana kai kamar ƙafa 20, matsakaici kamar 50, babban kuwa da siririyar igiya ya kan kusanci 100. A goshinsa akwai ɗan ƙarfe mai kama da kunamar tarko. In kifi ya fizga sai ya ɓalle, faifan ya kwanta ya daina turjiya, a jawo shi da sauƙi.

Ga mai kuɗi akwai wata hanya ta kai ƙugiya ƙasa, watau inji mai saukar da dunƙulen darma na laba 10 ko fiye da waya, a maƙala igiyar fatsa a jikinsa. Ba shakka ya fi faifai sanin daidai, gama ƙafa nawa aka saukar, kusan nan ƙugiya ta ke. Amma kuɗin guda ɗaya ya sayi faifai masu yawa, ga shi sai an huda jirgi an kafa shi. Mai farawa wanda kifinsa bai wuce ƙafa 60 ko 70 ba, faifai biyu sun ishe shi shekarar fari.

Sai dai a nan ne mai kanti ba ya faɗin gaskiya duka. Faifan yana da araha, amma 'yan rakiyarsa ba su da ita. Yana jan igiya da ƙarfi ƙwarai, saboda haka yana bukatar doguwar sanda mai ƙwari, da mariƙin sanda na ƙarfe wanda ba zai karye ya tafi da kome cikin ruwa ba. Yana bukatar manaɗin igiya mai ƙidaya, domin zurfinsa ya danganta ga tsawon igiyar da aka saki, wanda bai san ƙafa nawa ya saki ba kuwa, ko ya kama kifi ba zai iya komawa wurin ba. Irin igiyar ma da magana. Ta roba tana miƙewa, in an sake ta da nisa ba ta iya ɓalle kunamar, sai mutum ya yi ta kokawa da faifai a kafe kamar mai jan jaki. Saƙaƙƙiya da ta waya ba su miƙewa, sun fi nutsewa, amma don ba su da sassauci sai an sa ɗan guntun roba tsakanin faifai da ƙugiya, in ba haka ba babban samon ya tsinke ta da fizga guda. Kuma tazarar da ke tsakanin faifai da ƙugiya kada ta wuce tsawon sanda, gama faifan ba ya shiga zoben sanda, in ta yi tsawo kifi ya zo gab da jirgi koma ba ta kai gare shi. Wanda zai sayi faifai ya yi lissafin waɗannan duka tun a gida.

Akwai wani ƙanensa, Jet Diver, wanda a ke sayarwa da lamba 10, 20, 30, 40, lambar tana nuna kimanin ƙafar da ya ke kaiwa. Kyansa shi ne in jirgi ya tsaya yana tasowa sama, ba ya faɗawa ƙasa ya maƙale a dutse, kuma ƙanananan ba su da ja ƙwarai, ana iya sa su a bayan allo. Babban faifai kuwa ba a haɗa shi da ƙaramin allo, nutsar da shi zai yi.

To, wanne za a fara saye? Mai fita yammacin Eri neman wolai a ruwa marar zurfi mai haske, allo ne nasa, faifai ya jira. Mai fita Mishigan tsakiyar zafi neman samon, faifai ne nasa, allo ya jira. Wanda ya samu hali ya haɗa biyun, ƙa'idar jeri guda ce: igiyar da ta fi zurfi ita ce kusa da jirgi, wadda ta fi tasowa ita ce can waje, don kifin da ya kama ta waje ya ratso ta bisa sauran ba tare da ya tattaro su ba. Gwanayen abin suna da wata dabara kuma. In jirgi ya yi kwana, igiyoyin waje suna ƙara gudu, na ciki suna ragewa. In kifi ya ci ta waje, sun gane gudu ya ke so, su ƙara wuta. Wannan ba a sayensa a kanti, kuma mai igiya huɗu da ya ke lura da su ya fi saurin gane shi bisa mai goma da ya ke ta warwarar harɗe.

GA 'YAN KASUWA DA MASUNTAN ƘASAR NAN

Dalilin da ya sa maganar nan ta shafi masu karatu shi ne giwan ruwa. Shi ma kifi ne mai farautar 'yan'uwansa, yana kuwa bin koton ƙarya. A Tabkin Nasar na ƙasar Masar baƙi su kan biya kuɗi mai yawa a fita da su cikin jirgi suna jan koto don su kama shi. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ga kayan nan zai iya cewa ga haja ta samu, a kai Kainji ko Tiga. Kafin ya zuba jarinsa ya kamata ya auna abu uku.

Na ɗaya, waɗanda aka ƙera wa kayan nan ba su fita don ciyar da gida ba. A ruwan jihar Ohayo na Tabkin Eri mai fatsa ba ya wuce wolai 6 a yini, kowanne kuwa sai ya kai inci 15, kuma doka ta hana shi sayar da abin da ya kama. Nishaɗi ya fita nema, man da inji ya sha tun safe har la'asar bai dame shi ba. Basarke kuwa da kalli da mamari ya ke ci da iyalinsa, kayan da ke yi masa aiki yana barci ba su shan mai. In zai ƙona mai yini guda, sai kifin ya biya man ya bar riba, wannan kuwa sai babban giwan ruwa, ba karfasa ko tarwaɗa ba.

Na biyu, ƙasan ruwan. Tabkunan Amurka buɗaɗɗu ne, mil bisa mil ba abin da zai kama ƙugiya. Ruwan da aka tare da madatsa kuwa daji ne aka nutsar. Tabkin Volta na Gana, wanda aka tare a 1965, ya yi suna wajen itatuwan da ke tsaye cikin ruwa suna yaga taru suna fasa jirage, Kainji kuma da aka gama a 1968 gonaki da dazuka da garuruwa ruwansa ya rufe. Faifan da ya maƙale a reshe ƙafa 30 ƙarƙashin ruwa ya tafi ke nan, da shi da kotonsa. Tabkin Chadi kuwa ba shi da zurfin da za a nemi faifai, ga ciyawa ko'ina wadda za ta naɗe allo.

Na uku, jama'a. Inda kowane lungu an shimfiɗa kalli, gora na yawo a kansa, jirgin da ya baza alluna dama da hagun zai kwashi tarun mutane, ƙarshenta a gurfana gaban Sarkin Ruwa.

Wannan ba cewa ba ne kada kowa ya gwada. Inda ruwa ya ke da zurfi da fili, kamar tsohuwar hanyar kogi kusa da madatsa, in hukumar wurin ta yarda, mai jirgin inji yana iya fara aunawa da igiya mai ƙulli da dutse, ya san ƙafa nawa ne, ya san inda itace ya ke. Sa'an nan ya ja cokali guda da 'yar darma a kan hanyarsa ta komowa daga duba taru, tun da ya ke man tafiyar an riga an saye shi. In giwan ruwa ya amsa sau da yawa har lissafi ya fita, allo ba sai an aiko da shi daga Amurka ba, gama masuntan can ma da yawa da kansu su ke sassaƙa manyan nasu, kafintan gari kuwa in an zana masa karkatar goshin zai fitar da shi daga guntun katako biyu da ƙusoshi masu dunƙule.